Asalin Eka da Damin Dawa

Yatsansa na kan layi, gilashin ƙara girman rubutu na ɗaya hannun, kokon da aka ajiye masa kuwa ya huce tun ɗazu har ya yi kauri a bakin kwano. Haka Malam Sada yake kowane hantsi a zaurensa na Tsiga. In ya dawo daga masallaci ya ɗan kishingiɗa, rana ta leƙo ta ƙofa ta faɗi a kan buzunsa, sai ya jawo ƙamus ɗin nan nasa mai nauyin jariri, ya ɗora a kan matashi, ya zaɓi kalma guda. Ba don ya ƙara iya Turanci yake yi ba. Turancin da yake da shi ya ishe shi, ya ma yi ritaya tare da shi. Abin da yake nema shi ne inda kalma ta kwana kafin ta iso bakin mutane, da wanda ya ba ta masauki, da abin da ta baro a can.

"Malam, kokon nan in ba ka sha zan ba kaji," in ji matarsa Hajo daga ƙofar cikin gida.

"Bari in kai ƙarshen layin nan."

"Tun bara kake kai ƙarshen layin nan."

Ya yi murmushi bai ɗago ba. Ta ɗauki kwanon ta koma da shi kan wuta.

A garin nan aka haife shi. Ubansa, Malam Zubair, manomin dawa da auduga ne, uwarsa kuwa 'yar makiyaya ce daga rugar da ke yamma da gari, bayan rafi. Ya tashi yana jin ƙamshin abu biyu a jikin zanen uwarsa, hayaƙin kara da man shanu, bai taɓa ɗauka cewa abubuwa biyu ne ba. Da aka zo neman yaran boko aka haɗa da shi, ya yi karatu a Malumfashi, daga nan aka tura shi koyon aikin gona a ƙasar Zazzau. Ya dawo malamin gona, da babur, da hular kwano, da igiyar awo a ɗaure a bayan sirdi. Ƙuruciyarsa duka a hanyar Bakori da Kafur da Funtuwa ta ƙare. Shi ya koya wa ƙauyuka da yawa shuka a layi, da barin tazara tsakanin rami da rami, da yadda ake tona gefen masara a binne takin zamani kada rana ta sha shi. Manoma sun yi masa gardama, sun yi masa dariya, daga baya suka riƙa tare shi a hanya da ƙwai da zabi.

Ƙamus ɗin kuwa tsintarsa ya yi. Lokacin da Turawan da suka yi aiki da su za su koma gida, ana share ofis, sai ya ga littafin a ƙasa an tokare ƙofa da shi kada iska ta rufe ta. Ya tambaya, aka ce ya ɗauka. Ya kai shi gida ya ɗora a kan kabad, littafin ya yi shekaru a can, gara ta ɗanɗani gefensa ta bar shi. Sai bayan ya ajiye aiki, ya gwada zaman majalisa ya ga hirar siyasa ba ta zauna masa ba, rannan ya sauko da shi don ya ga me ya sa ake ce wa fansho fansho. Ya tarar kalmar daga Latin ta fito, harshen Rumawan dā, daga wata kalma mai nufin auna nauyi a sikeli. Ya tuna sikelin 'yan auduga da yadda ubansa ke tsayawa a gabansa yana kallon allura kamar mai kallon fuskar alƙali. Ya yi dariya shi kaɗai a zaure. Tun daga ranar bai sake rasa abin yi da hantsi ba.

Gonar gado ya miƙa wa ɗansa Kabiru, ya ce ƙafa ta gaji, ya noma yadda ya ga ya dace. Kabiru mutum ne mai himma. A bana ya cika gonar da masara da waken suya daga wannan iyaka zuwa waccan, bai bar wa dawa ko kunya ɗaya ba, aka kuma samu albarka. Sai dai akwai wani abu da ke rataye da dawar nan wanda ba a rubuce yake ko'ina ba.

Tun zamanin Malam Zubair, duk shekara in an yi girbi, damin dawa na farko ba rumbu yake shiga ba. Ana ɗaukarsa a kai ruga, a jingina shi a jikin bukkar babban gida, a gaisa, a dawo. Ba a cewa komai. Kwana kaɗan sai ga ƙwaryar man shanu ta shigo gida rufe da faifai, bayanta kuma sai ga garke ya sauka a gonar. Shanu su ci kara, su kwana a wurin, ana matsar da makwancinsu daga sashe zuwa sashe har kashinsu ya game gonar, su yi rani a nan kusa da rafi. Damin shi ne kira, man shi ne amsa. Mutanen ruga ba sa roƙon gona, kunya ba ta barinsu. In dami bai zo ba, sun ji abin da aka faɗa, ba za su tambayi dalili ba. Yanzu babban rugar shi ne Mudi, ɗan kawun Malam Sada, taubashinsa kuma abokin wasansa tun suna tsallake rafi tsirara. Tun da daji ya lalace makiyaya ke ta ɗaure kaya suna yin kudu, waɗanda suka tafi kuwa ba a cika ganin sun dawo ba. Gonar nan ce ta riƙe Mudi. A bana an girbe masara, an casa a inji, an ɗinke buhuna, dami bai je ba. Malam Sada bai sani ba. Yana zaure yana bin wata kalma.

Kalmar a bakin Kabiru ya tsince ta. Ya ji shi a ƙofar gida yana waya yana cewa eka kaza, eka kaza, sai abin ya tsaya masa a rai. Shi da ya yi rayuwarsa yana jan igiya yana auna eka, ya faɗi kalmar fiye da yadda ya faɗi sunan matarsa, bai taɓa tambayar daga ina take ba. Ya san dai Turanci ce, acre, Bahaushe ya tauna ta ya mayar da ita eka. Ya buɗe littafin.

Abin da ya fara tararwa ya ba shi mamaki. A tsohon Turanci, wanda Turawan yau ma ba sa ji sai an fassara musu, kalmar ba awo take nufi ba. Gona kawai take nufi, fili. Sai daga baya aka mayar da ita gwargwadon abin da shanun huɗa biyu za su iya nomewa a yini guda. Malam Sada ya ajiye gilashin. Ashe su ma da ƙarfin sa suka fara awo, ba da igiya ba. Ya yi ta tunanin wane irin sa ne, ƙosasshe ko ramamme, da wace irin ƙasa, laka ko jigawa, da ko mai garmar yana tsayawa cin abinci.

Kashegari ya bi ta zuwa Latin, don ya saba duk doguwar hanya a littafin nan can take ɓullewa. Ya kuwa tarar da ita, ager, ma'anarta gona. Ya ce to, ga uwar. Amma da ya sake karanta ƙananan haruffan a hankali sai ya ga ba haka littafin ya ce ba. Bai ce daga Latin ta fito ba, cewa ya yi 'yar'uwarta ce. Ta Turanci ta biyo ta bakin kakannin Jamusawa, waɗanda har yau suke ce wa gona Acker. Ta Latin kuwa hanyarta daban, ita ta haifi agriculture, wato agirik ɗin da aka yi ta kiransa da shi, Malam Sada na agirik. Kenan kalmomi biyu sun rabu tun duniya na ƙuruciya, ɗaya ta bi ta dazuzzukan arewacin Turai, ɗaya ta bi ta birnin Rum, suka yi ta tafiya ba su san labarin juna ba, sai ga su sun haɗu a bakin wani mutumin Tsiga a kan babur. Girkawa ma suna da ita, agros. Har a tsohon harshen malaman Indiya akwai ta, ajra.

Ya kira Hajo ya gaya mata.

"Indiya ta fim?" ta ce.

"Ita."

"Su da Turawa uwarsu ɗaya?"

"Harshensu dai. Kakarsu ɗaya."

"To me ya sa waɗannan ke rawa waɗancan ba sa yi?"

Ya ce zai duba.

Kakar tana can ƙarshen littafin, a wasu shafuka da bai taɓa kula da su ba, inda gara ta fi yin ɓarna. Masana suna kiran harshen Proto-Indo-European. Kowace kalma a wurin da ɗan tauraro a gabanta, kuma ya daɗe kafin ya gane amfanin tauraron. Alama ce cewa ba wanda ya taɓa ganin kalmar a rubuce, ba wanda ke raye da ya ji ta. Masana ne suka jera 'ya'ya da jikoki, suka dubi hancin wannan da goshin waccan, suka ce lalle fuskar kakar haka take. Wannan ya burge shi ƙwarai. Ya ga aikin masu bin sawu ne, waɗanda za su dubi ƙasa su ce saniya ta wuce nan, tana ɗingishi, alhali ba su gan ta ba. Ya kuma ji daɗin cewa mutanen sun sa tauraron, ba su ɓoye cewa kintace suke yi ba.

Ana cikin haka ranar kasuwa ta zo, Mudi ya biyo. Ya jingina sandarsa a bakin zaure, ya tuɓe takalman roba sababbi fil, ya ajiye wani ƙunshi a gefe, igiyoyi da kanwa suna leƙowa daga ciki. Dogo ne siriri, gemunsa ya yi fari kafin na Malam Sada, abin da Mudi bai taɓa yafe masa ba.

"Kaɗo, har yanzu kana nan kana kiwon takarda?" in ji Mudi, da sunan da mutanen ruga ke kiran Bahaushe.

"Ita ba ta shiga gonar kowa. Zauna, ɗan daji, ka ga tabarma, ba a tsoronta."

"Na ga tabarma kafin a haife ka. Ina Hajo? Har yanzu tana haƙuri da kai?"

Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida da ruga, yara da maruƙa. Hajo ta aiko da fura. Mudi ya kurɓa ya ce nonon na gwangwani ne ko na roba, Malam Sada ya ce ai masu shanun ne suka koyi zuba ruwa. Sannan ya jawo littafin, don tun safe yake neman wanda zai gaya wa.

"Yau na samo danginka."

"A cikin wannan?"

"A ciki. Ka san eka?"

"Na san ta. Ita ce ta cinye burtalin da muke bi zuwa Kafur."

"To kakarta kalmar makiyaya ce. Mutanen da suka fara faɗinta, masana sun ce masu shanu ne da dawaki da tumaki, a wani fili mai ciyawa can arewa da ƙasar Turkiyya, bayan wani teku. Shekaru dubbai. Ba su da rubutu, ba su bar gini ba. Kalmominsu kawai suka bari."

Mudi ya ajiye ludayi. Ya matso ya dubi shafin, duk da ba ya karanta boko, kamar zai hango su a tsakanin layukan.

"Shanunsu farare ne ko jajaye?"

"Bai faɗa ba."

"Masu tozo?"

"Bai faɗa ba."

"To me ya faɗa? Littafi kamar turmi, ba launin saniya ɗaya a ciki." Ya ɗago daga shafin. "Ina suke yanzu?"

"Sun watse. Wasu sun yi gabas har Indiya, wasu yamma har ƙasar Ingila. Harshen ya rarrabu, jikoki ba sa jin maganar juna."

"Me ya tashe su?"

"Nan ma masana ba su daidaita ba."

"Mai shanu ba ya tashi haka nan," in ji Mudi. Ya dubi ƙofa. "Ko ruwa ya ƙafe, ko ciyawa ta ƙare, ko masu wurin sun daina yi masa magana."

"Wataƙila fari ne," in ji Malam Sada, idonsa na kan shafi. "Zan duba."

"Duba." Mudi ya miƙe ya ɗauki ƙunshinsa. "Su Murtala ɗan yayana sun aiko daga Nasarawa, sun ce ciyawa har gwiwa. Yara suna ta zancen a leƙa su bayan Juma'a."

"Ka gaishe su. Wannan takalmi naka kuwa, ango za ka zama?"

"Tafiya ce ke cin takalmi, Kaɗo, ba zama ba. Kai naka zai gaje ka."

Suka yi dariya. Malam Sada ya raka shi bakin zaure ya dawo da sauri, don ya bar yatsa a tsakiyar wata kalma. Daga ager ɗin nan ta Latin aka sami wata mai nufin wanda ya ratsa gonakin mutane ya yi nisa da gida, baƙo, ita ce kuma ta zama pilgrim, kalmar da Turawa ke kiran mahajjaci da ita. Ya ƙudura zai tsokani Alhaji Talha maƙwabcinsa da ita a masallaci.

Da hantsin Alhamis ya kai gindin abin. A ƙarƙashin kakar, agros mai tauraro, akwai wata 'yar saiwa, harafi biyu kacal, ag. Ma'anarta korawa, irin korar da makiyayi ke yi wa dabba a gabansa. Daga ita Latin ta sami kalmarta ta aikatawa, daga can aka sami agent, wato ejan ɗin da ke sayen auduga da wanda ke tsaye a tasha. Littafin ya ce, da "wataƙila" a gaba, agros asalinta wurin da ake kora dabbobi ne. Kafin ta zama gona, makiyaya ce. Sai da aka daɗe shanu na kwana a wurin sannan wani ya lura ƙasar ta yi baƙi, ya jefa iri. Wannan na ƙarshe ba littafin ne ya faɗa ba, Malam Sada ne ya ƙara, don ya san yadda ƙasa take yi in garke ya yi rani a kanta. Ya rufe ido yana ganin abin, fili ba iyaka, ciyawa na kwantawa tana tashi, wani dogon mutum da sanda a kafaɗa. Ya ba mutumin farin gemu. Ya saurara ya ji kukan shanun.

Sai ya lura ba ya jin komai. Gonarsa ba ta da nisa da bayan gari, kuma a irin wannan lokaci na shekara, in iska ta juyo, kukan maruƙa har zaure yake shigowa. Ya buɗe ido. Tun yaushe aka gama girbi? Ya tuna igiyoyi, da kanwa, da sabon takalmi.

"Hajo."

Ta leƙo da muciya a hannu.

"Man ruga ya zo?"

Ta dube shi. "Yau ka tambaya? Miyar da kake sha tun girbi da man gyaɗa ake yinta. Na ɗauka kai ka hana."

"Na hana me?"

"Dami. Na ce tsakaninka da ɗan kawunka ne, ba na shiga."

Ya aika aka kira Kabiru. Ya shigo da ƙurar masara a gashinsa, ya durƙusa ya gaida uban.

"An kai dami ruga?"

"Baba, wane dami? Ba mu yi dawa ba bana. Masara a buhu take."

"Ka manta kenan."

Kabiru ya sunkuyar da kai. "Da farko mantawa na yi. Da na tuna kuma sai na ga wataƙila hakan ya fi. Karan akwai mai niƙa shi abincin dabbobi, na riga na yi masa magana. Kuma Baba ka san yadda gari yake. Duk wanda ya sauki garke a gonarsa, in wani abu ya faru ko a Musawa ne, shi za a fara kallo. Ina da yara."

Malam Sada ya san ba ƙarya ya yi ba. Ya rasa ta inda zai fara, sai ya jawo abin da ke kusa da hannunsa.

"Ka san ekar nan da kake faɗa a waya? Asalinta wurin da ake kora shanu ne. Kafin gona ta zama gona..."

"Baba," in ji Kabiru a hankali, "mutanen nan na littafi ba su ne za su amsa tambaya a gaban mai unguwa ba."

Hajo ta yi 'yar dariya a ƙofa. Malam Sada ma sai da ya murmusa. Ya ture littafin gefe.

"Gaskiyarka. Ni zan amsa. Gona na ba ka, ban karɓe ba, ba kuma zan karɓe ba. Roƙonka nake yi. Mudi ba garke ba ne, ɗan kawuna ne. Uwata a rugar nan aka yi mata kitson aure. In ya wuce Nasarawa, ni da shi sai a lahira, ka ga shekarunmu. Jiya-jiyan nan ya zauna a wurin da kake, ya gaya mini zai tafi, ni kuwa ina tsokanar takalminsa."

Kabiru ya daɗe yana murza bakin tabarma da yatsa.

"Sashen rafi ban yi wa kowa alkawarinsa ba," ya ce. "Karan na nan a tsaye. Na tudu ne na bayar."

"Sashen rafi ya isa farawa. Mai unguwa kuwa yau zan same shi bayan la'asar, in ce baƙona ne, a wuyana yake."

"To sai in ɗora buhun masara a babur in kai masa yanzu."

"Buhu?" in ji Hajo. Ta shigo zauren gaba ɗaya, abin da ba ta cika yi ba. "Ka kai wa Mudi buhu, zai ce an gode, Allah ya ƙara arziki, ya ɗora wa jaki ya yi guzuri da shi. Buhu sadaka ce. Ko ku je ku ce masa da baki ya zo, ya ce to, ya ga tausayinsa aka ji, gobe ya tafi. Dami ya sani. Kai da ka yi shekaru kana bin kalmar Turawa gida-gida, ta gidanku ce ta gagare ka?"

"To a ina zan samu dawa a dami yanzu? Kowa ya sussuke."

"Kowa ban da mai taurin kai. Gayaunata ta bayan gida me kake tsammani na sa aka shuka? Ni tuwon masara ba ya kwana a cikina. Tana nan a rumbu da zangarniyarta, ko ɗaurin ba a kwance ba."

Malam Sada ya dube ta kamar yau aka kawo ta.

"Ranta mini ɗaya."

"Ba na ranta wa malamin gona dawa, abin kunya ne a ji. Ɗauki. Amma man da zai zo nawa ne, ba mai taɓa shi."

"In ya zo," in ji Kabiru. "Yara sun ce tun shekaranjiya aka ga suna kwance bukkoki."

Malam Sada ya dafa bango ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya laluba hularsa a kan ƙusa.

"Baba, bari in kai. Rana ta yi."

"Kai za ka tuƙa. Dami ni zan riƙe, ni zan jingina shi. In ya ga kai ne zai ce Kaɗo ya tsufa har ba ya iya ɗaukar dawa, ya yi ta faɗa har Nasarawa." Ya zura takalmi ɗaya, ya nemi ɗayan da ƙafa. "Hajo, wanne ne rumbun?"

"Shekara nawa kana gidan nan? Na kusa da turken awaki."

Ya tattara bakin rigarsa, ya sunkuya ya fita ta ƙofar cikin gida.